Dariyar Inna a kan tudun yashi

"Ƙara wuta mana, Sani! Tsoro kake ji?"

Inna ce fa ke faɗa min haka, tana bayana a kan babur mai ƙafa huɗu, muna hawa tudun yashi a wajen Riyad.

Tun rasuwar Baba ban ji dariyarta ba. Na kawo ta wurina ta huta, amma kullum tana ɗaki da carbi. Da ƙyar ta biyo ni sahara, wai kallo kawai za ta yi.

Muna gangarowa ta fashe da dariya, ta ce, "Haka babanku yake gudu da ni a besfa ina amarya!"

Na share ido, na ce mata yashi ne ya shiga.

Alhamdulillah. Ku fa, yaushe rabonku da jin dariyar mahaifiyarku?