Mounkaila, Lauyan Dodon Tafki

Da safiyar wata Asabar a shekarar 2011, Malam Mounkaila ya idar da sallar asuba, ya sha shayi a tsaye, ya goge baƙar rigar aikinsa, sannan ya hau bas zuwa wani ƙaramin gidan sinima a tsakiyar Lyon. Aikinsa shi ne yage tikiti da haska wa makararru kujera da tocila. Mutumin Damagaram ne. Karatun gine-gine ya kawo shi Faransa, karatun ya tsaya a hanya, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa.

Gidan ba ya nuna komai sai tsofaffin finafinai marasa launi, a cikinsu kuwa akwai wanda Mounkaila ya riƙa kamar ɗan'uwa. Kashi na biyu ne na labarin wani dodon tafki. A kashi na farko dodon yakan fito, ya shaƙe mutum, ya koma ruwa. Mounkaila ya ce wannan ko kada ya iya. A na biyu kuwa, dodon ya farka ya tarar an janye ruwan tafkin an gina benaye, ya shiga bin ƙofofi yana neman makwanci, kowa na rufe masa. Ba a nuna fuskarsa sai dab da ƙarshe, sai dai jiƙaƙƙen sawunsa a kan matakala, kuma a nan Mounkaila yake ganin gwanintar. Har ɗinkin rigar roba da ake hangowa a gadon bayan dodon ya nema masa uzuri, wai masu fim ɗin ba su da girman kai ne.

Damuwar ita ce a siniman Damagaram mara rufi ya koyi kallo, inda ake yi wa jarumi kashedi da ƙarfi, a zagi mugu har danginsa. Mutanen Lyon kuwa suna kallo kamar masu rubuta jarrabawa. Madam mai gidan ta riga ta gaya masa cewa in ta sake jin muryarsa fim yana tafiya, ya ajiye tocilar ya kama gabansa.

A wannan rana Illiassou, direban tasi a Sevran da ke gefen Paris, ya zo ziyara. Ɗan kawun Mounkaila ne, wato taubashinsa, kuma tsakanin taubasai duk wanda aka tsokana ya yi shiru ya yarda shi ne bawa. Mounkaila ya zaunar da shi a layin baya a kallon hantsi, cikin tsofaffin Turawa, ya roƙe shi ya kama bakinsa.

Illiassou ya daure har dodon ya ƙwanƙwasa ƙofa ta uku.

"Bawana," ya ce da Hausa, "wannan dodo ne ko mai neman gidan haya?"

Mounkaila ya danne tocila a ƙirji, Illiassou ya ci gaba.

"Na farkon ya fi. Can aƙalla yana cin mutane. Wannan rago ne, da gani danginku ne na wajen uba."

Wata tsohuwa ta waiwayo ta ɗora yatsa a leɓe. Mounkaila ya dubi ƙofa, ya dubi taubashinsa da ke murmushi cikin duhu kamar wanda ya gama ciniki.

"Ka yi shiru ke nan? To, na karɓa. Zan shaida wa mutanen Sevran."

"Kai da ba ka san komai ba sai madubin mota," in ji Mounkaila, da muryar da ta kai layin gaba, "dubi yadda ya sunkuyar da kai kafin ya ƙwanƙwasa. Ka taɓa ganin mai ladabi haka a gidanku? Cin mutane ai ku ma kuna yi, a kuɗin tasi."

Daga nan bai tsaya ba. Ya yi bayanin inuwa, ya yi na sawu, ya haska allon da tocila don nuna inda ya dace a duba, har fuskar dodon da aka jira tun farko ta ɓace cikin hasken.

Madam ba ta kore shi ba, domin samun mai yarda da albashinsa sai an tona. Ta karɓe tocilar, ta ba shi tsintsiya da tsani, ta ce daga yau iyakarsa bakin titi, kada ƙafarsa ta sake taka zauren kallo. Illiassou ya kama jirgin Paris da yamma yana cewa an yi kunnen doki.

Kafin magariba Mounkaila ya hau tsani, ya cire hoton dodon daga jikin bango, ya manna na wani fim ɗin soyayya da za a fara gobe. Ya sauko ya duba, ya ga hoton ya karkace, ya bar shi haka.