Keken da Ya Ɗauki Buhun Hatsi

Na haura hamsin ban taɓa hawa keke ba. Allah ya yi ni da jiki, zaman karatu ya ƙara mini. Shekarar da ƙafafuna suka fara kumburi, likita ya ce in ban motsa ba ciwon suga zai zaunar da ni, har lambuna na bakin tafki ya gagare ni zuwa. Tafiyar ƙasa gwiwa ta ƙi. Saura keke.

Na tafi Maraɗi da taubashina, mai gyaran kekuna ne a bakin kasuwarmu. Cikin kekunan gwanjo idona ya faɗa kan wani siriri, mai lanƙwasasshen kai kamar ƙahon rago. Na ɗaga shi da hannu ɗaya.

Taubashi ya ce, "Malam, aje shi. Wannan ko rawaninka aka ɗora masa sai ya yi kuka."

"Kai dai hassada. Ka ga ubangidanka zai yi kyau."

Ya durƙusa yana ƙirga wayoyin ƙafar baya, kamar mai duba haƙoran jaki. Ya ce sun yi kaɗan, tayar kuma ba ta san yashi ba. Ya jawo wani baƙin keke na ƙarfe, mai faɗin taya da faɗin sirdi, mara kyan gani. Raina bai so ba.

Sai ya aro buhun hatsi a rumfar maƙwabta, ya ɗaure a baya, ya hau. Ya ce, "Ni da buhun nan mun kai nauyinka, in ba ka ci tuwo ba." Ya bi ramukan titi da gangan, ya dawo, ya juya ƙafar a gabana. Ba ta karkace ba ko kaɗan. Na ce bismillah, shi muka ɗauko.

Kwana tara yana riƙe mini sirdi bayan sallar asuba, yana haki yana tsiya. Na faɗi sau biyu cikin yashi, na tashi.

Rana ta goma na ji shiru a bayana, ashe ya saki sirdin, ban waiwaya ba. Na ci gaba da takawa har na hango ruwa da masunta suna jan koma. A bakin lambu na sauka, na yi hamdala. Tumatirin yana son ruwa, sai na jingine keken na ɗauki guga.