Daminar da Maigidana Ya Koma Aiki da Baki

Shekarar da soja suka miƙa mulki ga farar hula, mutane na manne da rediyo, ni kuwa sararin sama nake kallo. Hatsin gidanmu a Wudil ya kusa ƙarewa, damina ta kawo kai, maigidana kuma ya ce shi bana ba zai taka gona ba.

A da akawu ne. Zamanin soja aka rage ma'aikata, abin ya rutsa da shi. Tun daga nan gonar gadonsa da ke Kausani ce ke ci da mu, gero da dawa da ɗan wake a tsakani. Ba son noman yake ba, in ya dawo sai ya yi ta duba kantar hannunsa yana tsaki. Amma dai yaranmu ba su taɓa kwana da yunwa ba.

Sai wani tsohon abokin aikinsa ya dawo daga wani taro a Kano da sabon karatu na Turawa. Wai abin da mutum ya cika zuciyarsa da shi, shi yake jawo wa kansa. Wai in kana son abu, ka zauna kamar ya riga ya zo hannunka, ka kuma riƙa faɗa da bakinka cewa ya zo. Maigidana ya haɗa wannan da abin da muka sani tun muna yara na kyautata wa Allah zato, ya ce ai duk abu ɗaya ne, Turawa ne dai suka makara wajen ganewa. Ga shi gari ya ɗauka cewa farar hula za su mayar da waɗanda aka sallama. Shi ke nan, karatu ya samu wurin zama.

Bayan sallar asuba sai ya zauna a kan darduma, ido a rufe, yana ganin kansa a bayan tebur. Ya yi wanka, ya sa kaftani gogagge, ya soke biro a aljihu, ya fita zaure ya zauna kamar mai jiran direba. Kalmar kora ya hana a faɗe ta a gidan, ko kaza za ki kora sai kin waiga. Ba zan ɓoye ba, na ga canji. Mutumin da ya yi shekaru yana tafiya kai a sunkuye ya miƙe, ya daina yi wa yara tsawa, har tsokanata ya koma yi. Wannan ne ya ɗaure min baki da farko, don na daɗe ban ji dariyarsa ba.

Da na ga maƙwabta sun fara fito da sungumi suna gyara iri, sai na yi masa maganar gona. Ya ce in ya ɗauki fartanya, ya gaya wa zuciyarsa ke nan cewa shi manomi ne, ya haƙura da ofis. Sannan ya dube ni a hankali, ba faɗa, ya ce, "Fargabar nan taki ita ce ke tare mana hanya."

Maganar nan ta shige ni. Ni dama tun ina budurwa mai zullumi ce, yaro ya yi tari sau ɗaya na fara tunanin asibiti. Sai na koma jin tsoron tsorona. Ina wanke-wanke ina ƙoƙarin ganinsa a kan keke zai tafi ofis, kafin in ɗauraye kwano hankalina ya koma kan buhun da ke bayan ƙofa, yadda bakinsa ke ƙara naɗewa kullum. Sai in yi istigfari in sake farawa. Hadari ya haɗu ta wajen kogi, yara na tsalle, ni ina leƙa buhu. Ko mahaifiyata ban iya gaya wa ba, don in na faɗa ai na yi mana mugun baki ke nan. In aikin bai zo ba laifina ne, in damina ta wuce kuma mu ne za mu sha.

Aka yi ruwan shuka, ƙasa ta jiƙa sharaf, bai motsa ba. Aka sake yin wani. Ni ba fita nake ba, gonar kuma ba tawa ba ce da zan aika a shuka. Na rame har maƙwabciyata ta fara yi min kallon mai ƙaramin ciki.

Wata rana ina goge masa kaftani dabara ta faɗo min. Da na kai masa abinci na ce, "Malam, ni na yarda an mayar da kai. Amma ai ma'aikata ma suna noma ranar Asabar." Ya fashe da dariya, ya ce ashe na fi shi gane karatun. Ranar Asabar ya ɗaure iri a bayan keke ya nufi Kausani. Na ji kamar an sauke min tulu daga ka, har kunun tsamiya na dama masa.

Kafin azahar sai ga shi. Irin na nan a ɗaure yadda ya tafi da shi.

Ashe makonni kafin nan ya haɗu da ɗan baffansa na Kausani a kasuwar Juma'a. Cikin gaisuwa ɗan baffan ya tambaye shi shirin damina, maigidana kuwa ya ba shi amsar da aka koya masa: an mayar da shi aiki, bana shi da gona sai kallo. A danginsu, in mutum ya samu aiki a gari ya bar gona, na kusa da shi ne ke nomanta aro, don kada ta zama saura. Bawan Allah ga iyali da yawa, sai ya kai taki, ruwan farko ya shuke ta tas. Gero har ya fito. Ba kuma mai tuge shukar ɗan'uwansa, ko da gonar tasa ce.

Na ce, "To ka gaya masa gaskiya?"

Ya ce, "Ya riƙe hannuna yana 'Yaya, barka, barka', mutane sun taru ana ta sa albarka. Sai na ce Allah ya ba da damina mai kyau."

Ya jingine keken, ya zauna a ƙasa nan tsakar gida, bai ko nemi tabarma ba. Na so in yi masifa, wallahi na so, amma na duba fuskarsa na kasa. Na shiga ɗaki don in ɗebo hatsin tuwo, na cika kwanon awo kamar kullum, na tsaya ina kallonsa. Sai na sa hannu na ɗebi cikin tafi guda na mayar buhu, ban gaya wa kowa ba.