Bakina ne ya bar jikana a Maiduguri

Mun tashi da asuba daga unguwarmu Jekadafari a Gombe, mu uku a mota: ni, da 'yata, da maƙwabcina Ibo mai shagon kayan mota, wanda ya rufe shagonsa kwana biyu don ya kai mu. Shi a Gombe aka haife shi, Hausarsa ta fi tawa tsabta, ni kuwa makarantar boko aji biyu na yi aka koro ni saboda surutu.

Ga abin da ya fitar da mu. 'Yata ta yi aure a wani ƙauyen Borno. Shekara shida da suka wuce 'yan bindiga suka shiga musu, suka kashe mijin, suka tafi da ɗanta Habu yana ɗan shekara takwas. Ita ta dawo hannuna da zanen jikinta kawai. Sai kwanan nan aka bugo waya cewa an samu yaro mai wannan suna cikin waɗanda aka kuɓutar daga daji, yana wani gidan kula da irinsu a Maiduguri. Aka ce mu zo, in ya natsu da mu za a ba mu shi.

Ta Bajoga muka bi. Ramukan hanyar nan sun san ƙuguna, ni ma na san su. A Potiskum muka karya da ƙosai da koko, ƙosan ya tsuke kamar an yi masa horon yunwa. 'Yata ba ta taɓa ba. Ta rungume leda mai sabuwar riga da ta ɗinka wa Habu, ba ta san ma tsawonsa ba, da ƙiyasi tela ya yanka.

Daga Damaturu ne raha ta ƙare. Shingen sojoji bayan shinge, a sauko, a ɗaga hannu, a taka da ƙafa. Gefen titi ga gidaje babu rufi, bango baƙi ƙirin, ga makaranta da ciyawa ta fito ta taga. Gonaki a kwance ba kowa. Maƙwabcina da ya saba kunna waƙa ya kashe rediyo da kansa. Da la'asar muka shiga Maiduguri, muka sauka gidan wata ƙanwar matata.

Washegari da hantsi muka je. Wata ma'aikaciya mai sanyin murya ta zaunar da mu a kan benci, ta ce, “Baba, a bi shi a hankali. Yaran nan an ba su bindiga tun ba su fi ta tsawo ba. An sa su abubuwan da ba sa iya faɗa.” Na ce mata to. Da kunne ɗaya na ji.

Aka fito da shi. Dogo, siriri, idonsa a ƙasa. Uwar ta gane shi tun daga ƙofa, ta kama shi tana kuka, shi kuwa ya tsaya ƙiƙam, hannuwa a gefe, kamar mai jiran umarni. Minti ya wuce, biyu suka wuce, ko uffan.

Ni shiru ba ya zama a jikina. Kuma kun san tsakanin kaka da jika sai tsiya. Can baya, duk sallar da suka zo Gombe, nakan bi shi da gudu a tsakar gida ina cewa zan yanka shi in yi miya, shi kuma yana ɓuya bayan randa yana dariya, yana ce mini tsoho marar haƙori. Sai na ce a raina bari in tuna masa. Na murtuke fuska irin ta wasa, na ce, “Kai ja'iri, ka zo hannu. Yau sai na yanka ka.”

Bai gudu ba. Bai yi dariya ba. Ya zare jikinsa daga na uwarsa a hankali, ya durƙusa a gabana, ya mai da hannuwansa baya, ya karkata kai ya miƙo wuya. Leɓensa na motsi, kalmar shahada yake yi.

Ban san lokacin da na zube ƙasa ba. Ina cewa, “Habu, ni ne, wasa nake,” amma ba ya nan. Sai da ma'aikaciyar ta kira sunansa sau da yawa kafin ya miƙe, aka shiga da shi. Da ta dawo ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce, “Inda ya fito, in babba ya faɗi wannan kalmar, aikatawa ake yi. Ya gani da idonsa. Ba zai bi ku yau ba.”

'Yata ta dube ni ta ce, “Baffa, me ya sa?”

Aka yanke cewa ita ta zauna a garin tana zuwa wajensa kullum. Ni kuma in dawo bayan wata guda, in zauna kusa da shi kawai, kada in ce komai sai in shi ya fara.

Mu biyu muka juyo. Maƙwabcina ya tsaya a Damaturu ya sayo mini gasasshiyar masara, ya manta ba ni da abin tauna ta, na riƙe ta har Gombe. Mun iso bayan magariba, muka tarar da zaure cike, matata ta yi tuwo da miyar kuka tukunya guda, yaran unguwa suna leƙa kujerar bayan mota ko za su ga Habu. Da bakina na faɗa musu abin da na yi, ban rage komai ba.

Abin da na koyo shi ne, mutanen nan ba shekara shida kaɗai suka ɗauke wa Habu ba. Sun ɗauke masa sanin cewa babba zai iya faɗar abu don dariya kawai. Wannan kuwa ba a ɗauko shi da mota, ba a ɗinka shi wajen tela.

Yanzu saura kwana goma sha tara. Kullum bayan sallar asuba nakan zauna a ƙofar gida ina gwada yin shiru na awa guda. Mutane na wucewa suna tambaya ko ba ni da lafiya, sai in ɗaga musu hannu. Jiya na kai rabin awa.