Kogin da Ke Gudu a Kwamfutar Malam Kaɗai

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Talata, tara ga wannan wata, da ƙarfe goma sha ɗaya da kwata na safe, ƙaninka ya kira ofis ya ce Allah ya yi maka rasuwa a asibiti. Ni na ɗauki wayar. An ce hawan jini ne. Ban ji daga bakin likita ba, don haka ba zan ƙara komai a kai ba.

Malam, mu huɗu ne a ɗan ofishinmu na haɗa wasannin kwamfuta, kai ne babba, ni ce ƙarama, ban daɗe da gama jami'a ba. A bayan idonka Bari-mu-gani muke ce maka, domin duk tambayar da aka yi maka amsarta ke nan, sannan ka jawo kujera.

Wasanmu na yara ne: mai kwalekwale yana haye kogi da awaki. Matsalar ita ce a kwamfutarka kaɗai yake haɗuwa daidai. Shi ya sa ka ba ni aikina na farko: in zaɓa mana nau'in Linux guda, wato manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, wadda kowa ke da damar ɗauka ya gyara, duk mu koma kanta. Na tace na bar biyu. Kai ka raɗa musu suna: Dattijo, wanda sai an daɗe yake sauya riga, wato a sabunta shi, da Ɗan Gaye, mai sabuwar riga kowace safiya.

Na ce, "Malam, wanne ka fi so?"

Ka ce, "'Yata, ni aka ba aikin?"

Ka hana ni gwaji a sabuwar kwamfuta. Sai a tsohuwar da ke bakin ƙofa, mai fanka mai ƙara kamar injin niƙa, wai yaran da za su buga wasan irin ta gare su. Kakan kara kunne a jikinta kana murmushi. Har yau ina mamakin abin da kake saurara.

Ranar Litinin da za ka tashi, kana dafe da kai, ka tsaya ka ce, "Gobe ki tuna mini, akwai abin da zan nuna miki game da kogin nan."

Ranar Alhamis bayan rasuwarka ƙaninka ya zo. Ashe kwamfutar taka ce, ba ta ofis ba, ta zama ta magada, kuma ranar Asabar za a tattara kaya. Mai zana mana hotunan wasan ya ce mu kwashe komai kawai. Ni kuwa na kasa taɓa kayan marayu ba izini. Ƙaninka ya dube ni ya ce, "Baiwar Allah, ki ɗebi na aiki zuwa Juma'a. Mu ko kunna ta ba mu iya ba." Na aiki kawai na ɗiba, ban buɗe naka na kanka ba.

Dattijo na zaɓa. Wasan ya haɗu a tsohuwar kwamfuta, awaki suna kuka, kwalekwale yana tafiya. Amma kogin ya tsaya cik kamar an zana shi a bango. Na gwada Ɗan Gaye, haka nan. A taka kuwa ruwan yana ta gudu, har da ɗan kumfa a bakin gaɓa. Juma'a da la'asar na kira kowa muka tsaya muka kalle shi, sannan na kashe ta da hannuna, na naɗe wayoyinta.

Allah ya jiƙanka, ya haskaka kabarinka, ya sa haƙurin da ka yi da mu ya zame maka nauyi a mizani. Allah ya ba maiɗakinka da yaranka da 'yan'uwanka juriya, ya raya abin da ka bari.

Ga abin da ban sani ba. Ban san wanne kake so a ranka ba, Dattijo ko Ɗan Gaye. Ban san abin da fankar take gaya maka ba. Ban san abin da ka taɓa a kwamfutarka har ruwan yake gudu ba. Zan nema, na riga na jawo kujera. Amma ko na gano, ba zan taɓa sanin ko shi ne abin da ka ce in tuna maka ranar Talata ba.