Muryar Hamisu Mai Kifi

Duk wanda ya girma tsakanin Madarumfa da Sarkin Yamma ya san Hamisu mai kifi, ko da bai taɓa sayen ko tarwaɗa guda a hannunsa ba. Ba masunci ba ne, ruwa ma tsoronsa yake. Da sassafe yakan tsaya bakin tafki ya sari abin da masu koma suka fito da shi, ya ɗaure kwando bayan moto, wato babur ɗinsa, ya shiga ƙauyuka. Jarinsa na gaskiya maƙogwaro ne. In ya ɗaga murya daga bakin gari ya ce, "Kihi ya iso! Na yau na, ba na jiya ba!" matan da ke can ƙarshen gari sukan ajiye taɓarya su nemi kwano. Matarsa Tani takan ce ko gaisuwa zai yi a ɗaki sai kaji sun watse.

Shekarar da ya aurar da ƴarsa ta fari muryar ta fara dishewa. Aka ce sanyi ne, ya sha citta da zuma har ya gaji. Da abin ya ƙi, ya je Maradi wurin wani mai kayan sauti, Kabiru, ya sayi ƴar lasifikar nan ta hannu mai ɗaukar magana ta yi ta maimaitawa. Kabiru ya ce akwai garanti, in ta lalace a kawo. Wata safiya da maƙogwaron ya ɗan saki, Hamisu ya danna jan maɓalli ya yi kiransa sau ɗaya, da ƙarfinsa na da. Ba a daɗe ba aka yi masa aiki a wuya. Ya tashi da ransa, amma muryar ba ta taso tare da shi ba, sai wata iska-iska da ba a ji sai an kai kunne bakinsa.

Bai yi kuka ba, bai kuma yi ƙorafi ba. Ya ɗaure lasifikar a kan moto ya koma aiki. Ita ke kira, shi yana awo. Wani lokaci in ya dawo gida yakan kunna ta ƙasa-ƙasa, ya zauna yana ji kamar mai sauraren labarin wani. Duk abin da ya rage na muryarsa a duniya ke nan.

Sai lasifikar ta mutu, tsakar rana, a hanyar Ɗan Issa. Fitilarta tana kamawa, sauti babu.

Zuwansa na farko shagon Kabiru aikin banza ne. Manyan lasifiku na ta ruri a ƙofa, mutum mai cikakkiyar murya ma sai ya yi ihu. Kabiru ya shinshina kayan ya yamutsa fuska, ya ce ruwan kifi ne ya shiga, garanti kuwa bai san da ruwa ba. Hamisu ya motsa baki, ya sake motsawa. Kabiru ya riga ya juya wurin wani mai saye.

Zuwa na biyu da Tani aka je, ita kuwa ba ta da ciwon wuya. Ta sa aka kashe kiɗan, ta tara masa maƙwabtan shago.

"Kai da bakinka kac ce garanti," in ji ta. "Yanzu don ka ga ba ya iya magana za ka ci mai haƙƙi? Ka ji tsoron Allah, Kabiru."

Kunya ta kama shi. Ya sauko da sabuwa fil cikin kwali ya tura gabansu. "Shi ke nan, Inna, ya wuce. Ku ɗauki wagga, ku bar tsohuwar in maida ma kamfani."

Hamisu ya rungume tsohuwar a ƙirji.

"Ba sabuwa muke so ba," Tani ta ce. "Muryatai ce ciki. Gyara muke so."

Kabiru ya ce shi bai taɓa ganin irin wannan rigima ba: garanti canji ne, in aka buɗe kaya kuma garantin ya tashi. Suka ce sun ji, ya tashi ɗin. Ya girgiza kai, ya ɗauko sukudireba. Ashe ƴar waya ce guda ta cire, abin da bai kai a yi masa tafiya biyu ba. Ya liƙe ta da dalma, ya mayar da murfi.

A yi wa Kabiru adalci, ba mugunta ya yi ba. Hannunsa ne ya yi abin da ya saba yi wa kowace lasifika da ya gyara. Hamisu ya ga babban yatsan yana tafiya wurin jan maɓallin, wanda in an danna shi sabuwar magana kan shafe tsohuwa. Ya buɗe baki iyakar buɗewa, jijiyoyin wuyansa suka tashi, ba abin da ya fito. Tani a lokacin tana gyara ƙullin kuɗinta a bakin zane.

"Alo, alo. An, de. An, de," in ji Kabiru cikin lasifikar, yana gwaji da ƙirgen Faransanci. Ya danna ɗaya maɓallin, ta maimaita masa tar, da muryarsa. Ya yi murmushi ya miƙa. "Ga ta nan garau, Baba. Sai ka sake ɗaukar naka."

Sai da ya ga fuskar Tani sannan ya gane. Ya yi ta rantsuwa, ya ce su haɗa da sabuwar kyauta. Tani ta zage shi har uwa da uba. Hamisu kam bai ji komai ba, ko ɓacin rai. Ya karɓi kayansa, ya ɗaga hannu alamar godiya, ya fita ya tada moto.

A gida Tani ta ce bari ta ɗauki kiran da muryarta, surukinsa ma ya ce zai yi. Hamisu ya girgiza kai. A wurinsa duk ɗaya ne wanda ke ciki. Washegari ya fita da "Alo, alo, an, de," yara suka bi shi da dariya, daga baya kowa ya saba. Yanzu in aka ji ta, an san kifi ya iso.

Kwanan baya a Sarkin Yamma wata amarya da aka kawo daga nesa ta fito da kwanonta. Tana jira yana awo, ta juya wurin maƙwabciyarta, ba ta ko rage murya ba, ta ce, "Wai mai kihin nan haka anka haihe shi?"

Hamisu ya ji ta sarai. Ya ƙara mata ƴar karfasa guda gyara, ya ɗaure kwandonsa.