Bedin Ƙofar Gidanmu

Shekarar da sojoji suka miƙa mulki ga farar hula, maigidana yana aiki a sashen gandun daji na ƙaramar hukuma. Ba babban ma'aikaci ba ne. Shi ke kula da wurin renon itatuwa da ke bayan gari, kuma shekara da shekaru wurin ba shi da komai sai rumfa da rijiya da shi kanshi. Muna zaune a wani lungu kusa da Ƙofar Marusa, mu biyu kawai, don ɗiyarmu ɗaya ce, tana gidan mijinta a wani gari.

Da aka yi sabon ciyaman da kansiloli sai aka taso da maganar tsabtace gari. Aka kawo rabin durom aka ajiye a bakin lunguna, aka ce a riƙa ware leda daban, toka da kashin awaki daban, saboda manoman ƙauye da ke zuwa da jakuna kwasar taki sun fara ƙin jujinmu, leda ta yi mashi yawa. Aka kuma ce kowane gida za a ba shi itace ya dasa a ƙofa. Ranar da aka faɗa masu haka a wurin aiki, Malam, maigidan nawa, ya dawo, ya jingine keke a zaure, ya ƙi taɓa tuwo sai da ya gama ba ni labari. Na daɗe ban ga fuskarshi a sake haka ba.

Ledar da ake renon iri a ciki ba ta isa ba. Shi ya kawo shawarar a yi da ledar fiya wata, tunda ga ta nan zube ko'ina. Daga nan ya ɗaure buhu a bayan kekenshi. In zai tafi aiki ya tsinta, in zai dawo ya zagayo ta Ƙofar Ƙaura ya tsinta. Ni kuma in wanke, in yanke bakin da almakashi, in huda gindin da ƙusa, in shanya a igiya. Tsakar gidanmu ta koma kamar ta mai wanki, sai dai babu tufa ko ɗaya.

Ba zan ɓoye ba, na ji kunya. A lokacin abokan aikinshi duk sun fara hawa babur. Wata rana na ce mashi, "Malam, ko don idon mutane ai ka bar keken nan haka. Dattijo da kai kana duƙe a bakin kwata."

Ya ce, "In na hau babur, ledar za ta biyo ni gida da ƙafarta?"

Ban sake yi mashi maganar ba, amma ban daina jin kunyar ba. Wannan yana cikin abubuwan da nake so a ce na gyara tun yana nan.

Dab da ƙofar gidanmu akwai rumfar mai facin keke. Ɗan kawun Malam ne, taubashinshi, kuma tun suna yara ba su taɓa gaisawa da girma ba. Daga cikin gida nake sanin Malam ya iso, don sai in ji mai facin ya ɗaga murya.

"Ga bawana sarkin leda ya dawo! Yau dabba nawa aka kamo a farautar?"

"Na kamo abin da zai yi maka inuwa, tunda ko rumfar kirki ka kasa yi wa kanka."

"Inuwar da sai jikokina sun yi furfura? Riƙe abarka."

Da damina ta biyu ta kama aka raba itatuwan, yawanci bedi, wanda Kanawa ke ce wa darbejiya. Kansilan unguwarmu da ƙafa ya bi gida gida, Malam na biye da shi da kwando a bayan keke. Kowa ya samu sai mu. Malam ya ce mai rabo shi ke ɗauka a ƙarshe, kuma a ƙarshen babu abin da ya rage sai wani ɗan tsiro siriri, mai ganye kaɗan, wanda kowa ya tsallake. Ya riƙe shi a wurin reno har ruwa ya kusa ɗaukewa, wai ya ƙara ƙarfi. Sai da kaka ta yi ya kawo shi ya dasa, taku huɗu daga bangonmu, ya kife mashi tsohon kwando mara gindi saboda awaki. Shi da kanshi ya ce lokacin dashe ya wuce.

"In ya ga damina mai zuwa ya rayu," in ji shi. "Kafin nan sai mun tsaya mashi."

Famfon unguwarmu ba ya kawo ruwa, a wurin 'yan ga-ruwa muke samu, kuma Malam ba ya son a zubar da ko kofi ɗaya a banza. Don haka ya huda wata 'yar rariya a gindin bango, nesa da ta wanka, ya ɗora faffaɗan dutse a gabanta. Ta waje kuma ya ja 'yar hanya da hauya har gindin bedin. Ya ce a kan dutsen nan za mu riƙa alwala, ni da shi, ruwan ya bi ya fita. Sharaɗi ɗaya ya kafa: ruwan sabulu ba ya bi ta nan. Ko masallaci zai tafi, a gida yake alwala. Har yanzu in na rufe ido ina jin ƙarar ruwan butarshi a kan dutsen, da yadda yake karkaɗe hannu sau biyu in ya gama.

Sanyi na fita ya kwanta. Zazzaɓi ne da ciwon ƙirji, bai yi mako biyu ba Allah ya karɓi abinshi. Ba zan yi dogon bayani a kan wannan ba.

Na shiga takaba, wata huɗu da kwana goma, kuma duk bazara tana cikinsu. Da baƙi suka watse, yayar Malam ta zauna da ni. Tsohuwa ce, ƙafa na damunta, idonta ma ya yi rauni, daga ɗaki sai inuwar tsakar gida. A gidansu mai takaba ba ta leƙa ko zaure, ni ma ban nemi in leƙa ba. Bedin yana bayan bango, taku huɗu, ba na ganinshi. Abin da nake da shi kawai dutsen nan da rariyar.

Da farko alwala biyar nake yi, kamar kowa. Amma da buta biyu aka saba, yanzu ta koma ɗaya, rana kuma kullum ƙara zafi take. In na taɓa bango da azahar sai in janye hannu. Na yi tunanin in ɗebi bokiti in kwarara, sai na kasa. Ruwan saye ne, Yaya na kallo, kuma shi kanshi mai itacen ba zai yarda ba. Alwala kuwa ba wanda zai ce maka ka yi ɓarna. Sai na fara sabuntawa. In yi da hantsi, in sake kafin azahar, in sake bayanta, ko da wadda nake da ita ba ta karye ba. Wata rana na kan yi goma, wata rana fiye.

Labarin bedin daga bakin mai faci nake samu. Bai taɓa yi mani magana ba, ba ya ma wuce zaure. Amma da la'asar sai in ji shi yana yi wa itacen tsiya da ƙarfi, yadda ya saba yi wa mai shi.

"Kai, marayan bawana, har ka ƙara ganye biyu? Taurin kai dai gado ne."

Wata rana kuma, "Dubi yadda ka yi laushi yau. Miƙe mana, ubanka bai iya kwanciya da rana ba."

In ya ce an ƙara ganye, sai in wuni da sauƙin zuciya. In ya ce an yi laushi, sai in ƙara buta.

Yaya ta daɗe tana lura. Wata ranar Juma'a ta kira ni, ta ce in zauna.

"Ke 'yar nan, alwalar nan taki ba ta ƙarewa? Tun safe na ƙirga bakwai. Wannan waswasi ne, shaiɗan ke shiga ta ƙofar baƙin ciki. Na ga wadda ya kama a garinmu, har fatar hannunta ta saɓule. Gobe zan aika wa liman ya yi maki rubutu."

Na ce, "Yaya, lafiyata lau."

"Duk haka suke cewa."

Ban taɓa faɗa wa kowa zancen rariyar ba, tsakanina da shi ne, kuma na ji kamar in na faɗa zai ragu. Amma rubutu a kan ciwon da ba ni da shi ya fi ƙarfina. Sai na kama hannunta na kai ta gindin bango, na sa ta taɓa ramin, na faɗa mata inda ruwan ke zuwa.

Can ta ce, "Tun yana ƙarami haka yake. Ƙwallon mangwaro ya taɓa binnewa a ƙarƙashin gadon Inna." Ta share ido da bakin zane. "To miƙo mani butata. Ni da nake ta zubar da nawa a wancan lungun kamar wawuya, ba ki iya magana ba?"

Daga ranar muka koma buta biyu. Ita ma har ta fara sabuntawa, in na kalle ta sai ta ce, "Ina ruwanki, tsufa ne, ba na riƙe alwala."

Ranar da na fita takaba damina ba ta sauka ba, sai yayyafi da aka yi sau ɗaya. Na yi wanka, na sa wasu kayan, na ratsa zaure ta gefen kekenshi, tayoyin duk sun sace. Bedin na nan da ranshi. Ya leƙo saman kwandon da kamar kamu ɗaya, ganyen kore shar, ƙasar gindinshi a jiƙe.

Sai na duba bango. Hanyar da Malam ya ja babu ita. A nan aka shimfiɗa tabarmin zaman makoki, ƙafafun masu ta'aziyya suka cike ta tun kwanakin farko, ƙasar ta daddaɓe kamar ba a taɓa sa mata hauya ba. A bakin rariyar akwai ɗan danshi da bai fi faɗin faifai ba, da 'yar ciyawa da ta tsiro a kai. Nan ruwana ya tsaya duk watannin nan.

Mai faci ya taso daga rumfarshi, ya ɗan rusuna, abin da ban taɓa ganin ya yi ba.

"An fita lafiya? Ya ƙarin haƙuri? Allah ya jiƙan bawana, ya sa ya huta."

Na amsa. Sannan na tambaye shi wa ke ba itacen ruwa.

Ya nuna bahon da yake tsoma robar cikin taya in yana neman inda ta huje. "Ruwan faci ne. Da a hanya nake watsarwa in zan tashi. Da ya tafi, in na ɗaga bahon sai in ji kamar zai fito daga zauren nan ya yi mani faɗa. To, na gaji da faɗan mutumin da ba ya nan." Ya yi 'yar dariya, ya kawar da kai. "Masu alwala a nan waje ma na ce duk wanda bai yi a gindinshi ba, kar ya kawo mani keke."

Bai san da zancen rariyar ba. Na yi mashi godiya, kuma har zuciyata na yi ta. Amma da na koma ciki sai na zauna a kan dutsen. Wata huɗu ina ganin kamar akwai sauran abu ɗaya da nake yi wa Malam da hannuna, yana isa.

Yaya ta tambaya daga inuwa, "Ya yaron namu?"

Na ce, "Ya sha ruwa, Yaya. Ya fi kwandon tsawo."

"Ai na faɗa maki buta biyu ta fi ɗaya."

Ban gyara mata ba, har ta koma garinsu, har ta rasu.

Da la'asar na ɗauko hauyarshi a bayan ƙyaure na fita. Ban iya riƙe ta yadda yake riƙewa ba, hanyar ta fito a karkace. Mai faci ya ga abin da nake yi, ya duba rariyar, ya dube ni, ya koma ya duƙa a kan tayar da ke hannunshi. Na shiga gida na yi alwalar magariba, na sake fitowa da sauri, na tsaya ina kallon ruwan yana bin ƙasa a hankali har ya shige ƙarƙashin kwandon.

Duromomin shara sun daɗe da ruɓewa, an yi ciyamomi da yawa bayan wancan, wurin renon ma ban san halin da yake ciki ba. Da yawa daga itatuwan da aka raba a lungunmu ba su kai ba. Namu yanzu ya fi ɗakina tsawo, a inuwarshi 'yan acaɓa ke jiran fasinja, kuma ledar fiya wata na taruwa a gindinshi. In na fito da safe na kan duƙa in tsince, ba na duba ko akwai mai kallo. A kan dutsen nake alwala har yau, sau biyar.